Masu bin bashi sun hana gidana sakat: yaya kuka riƙe iyalinku a irin wannan hali?

Uwar_Uku:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, amma yau abin ya kai ni maƙura. Wata bakwai ke nan da maigidana ya ci bashi a wani kamfanin bayar da rance domin ya ƙara jari, kasuwa ta juya masa baya, wa'adi ya cika bai iya biya ba. Bai taɓa musanta bashin ba, kuma bai taɓa cewa ba zai biya ba. Abin da ya kawo ni shi ne halin da masu bin bashin suka jefa gidanmu a ciki. Suna kira tun gari bai waye ba, suna kira da tsakar dare, in an toshe lamba ɗaya sai su ɓullo da wata. Mutumin da na sani da fara'a, wanda yara ke rige-rigen tarbarsa in ya dawo, yanzu da waya ta yi ƙara sai in ga hannunsa yana rawa, ya kife ta a kan katifa, ya zauna ya ƙura wa ƙasa ido. Makon jiya ya shiga wanka ya bar wayar a falo, 'yarmu mai shekara tara ta ɗauka, mai kiran ya ce mata ta gaya wa ɓarawon ubanta cewa gobe za a zo a tafi da shi. Tun daga ranar yarinyar nan ba ta yarda ta kwana ita kaɗai, kuma kowace safiya sai ta leƙa ɗaki ta tabbatar babanta yana nan kafin ta yarda ta tafi makaranta. Ba hanyar samun kuɗi nake tambaya ba. Ina so in ji daga waɗanda suka taɓa shiga wannan hali: yaya kuka riƙe gidajenku, kuma shin mutum yakan dawo yadda yake a da?

Hajiya_Babba:
Wa alaikumus salam 'yata. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma abin da aka yi wa yarinyar nan ya taɓa min zuciya ƙwarai. Allah Ya yaye muku, Ya buɗa wa maigidanki hanyar biya. Ki riƙe a ranki cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kada ki bari kunya ta sa ki ɗauki wannan kaya ke kaɗai.

Tsohon_Direba:
Malama, ni zan ba ki amsa daga ɓangaren maigidanki, domin na zauna a inda yake zaune yanzu. Shekara biyu na yi ana bi na bashin mota da na karɓa, injinta ya buga kafin in biya rabin kuɗin. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, zagin da ake yi maka a waya ba ya ƙarewa in an kashe wayar. Yana bin ka kan titi, yana bin ka wurin kwanciya, har ka wayi gari kana maimaita wa kanka kalmomin da suka jefe ka da su, ka fara yarda cewa lallai kai mutumin banza ne. Na kai matsayin da in na ji ƙarar waya irin tawa a aljihun wani, sai gabana ya faɗi. Wata rana na tsayar da mota a gefen hanya da fasinjoji a ciki saboda idona ya daina gani sosai, na ce musu taya nake dubawa, alhali jira nake bugun ƙirjina ya lafa.

Babban kuskurena shi ne ɓoye wa matata. Na ɗauka ina kare ta ne, ashe ita tana ganin na daina magana, ina fita waje in amsa waya, ina share saƙonni, sai ta ɗauka wata mace ce ta shiga tsakaninmu. Wata huɗu muka yi muna zaman doya da manja a kan abin da babu shi. Ranar da na zaunar da ita na nuna mata saƙonnin, kuka ta yi, sannan ta ce da ta san wannan ne da ta fi samun sauƙi tun farko. Ke kin riga kin san abin da ke faruwa, wannan kuwa rabin nauyin ne ya sauka. Shawarata ita ce kada ki yawaita tambayarsa ko sun sake kira, domin a kunnensa tambayar tana kama da kira na biyu. Ki zauna kusa da shi ko da ba za ku ce komai ba. Game da ko mutum yakan dawo yadda yake, ni dai na dawo, amma na ɗauki fiye da shekara bayan na gama biya kafin in daina saka wayata a yanayin shiru.

Mai_Faɗin_Gaskiya:
Ina tausaya wa yarinyar, amma ya kamata a dubi ɗaya gefen. Wanda ya ba da bashin nan shi ma dukiyarsa ce, kuma an sa hannu a takarda kafin a karɓa. Mutane da yawa suna karɓar rance da fara'a, ranar biya su kashe waya, su sauya layi, in an matsa musu kuma su ce an ci mutuncinsu. Da kowa yana amsa kira yana faɗin gaskiyar halin da yake ciki, da yawancin wannan tashin hankali bai taso ba.

Malama_Mai_Alli:
Malam Mai_Faɗin_Gaskiya, baiwar Allah nan ta faɗa tun a farkon saƙonta cewa ba su musanta bashin ba. Yarinya mai shekara tara ba ta sa hannu a kowace takarda ba, don haka ban ga inda hujjarka ta shafe ta ba.

Uwar_Uku, ni malamar firamare ce, kuma na ga yara da dama da damuwar gida ta biyo su aji. Alamunta sukan zo a sigar da ba a zata ba: yaro mai ƙwazo ya koma barci a kan tebur, ko ya riƙa kukan ciwon ciki kowace safiya, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. Yaro ba ya iya bambance barazanar baki da abin da zai faru da gaske, don haka a wurin 'yarki maganar cewa za a tafi da babanta tabbas ce, ranar kawai take jira. Ina ba ki shawara ku zaunar da ita ku biyu, kuma ya fi kyau bayanin ya fito daga bakin baban. Ya gaya mata a taƙaice cewa akwai kuɗin da ake bin sa, yana kan biya, mutumin da ya kira ya faɗi abin da bai dace ba, kuma wannan matsala ce ta manya da manya za su warware. Kada ku ce mata babu komai, domin ta ji da kunnenta cewa akwai, kuma in kuka musanta za ta daina yarda da duk wani kwantar da hankali da za ku yi mata nan gaba. Yana da kyau kuma malamar ajinta ta san cewa ana cikin damuwa a gida, ko da ba ku faɗi dalilin ba.

Ɗalibin_Shari'a:
Zan ƙara wani abu da nake ganin zai rage fargabar, domin yawancin ƙarfin waɗannan mutane yana fitowa ne daga rashin sanin wanda ake bi game da iyakar abin da za su iya yi. Kasa biyan bashi shi kaɗai ba laifin ɗauri ba ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin jama'a da na siyasa ta 1966, a sashe na 11, ta ce ba a ɗaure mutum don kawai ya kasa cika wani alkawarin kwangila. A Nijeriya ma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa kwangila kawai. Inda lamarin ke sauyawa shi ne in akwai zamba, kamar wanda ya karɓi rance da takardun bogi. Hanyar mai bin bashi ita ce kotu, kuma kotu ba ta aika sammaci ta bakin yarinya.

Ƙasashe da dama sun daɗe da gane cewa bin bashi yana iya rikiɗewa ya zama azabtarwa. Amurka ta kafa doka tun 1977 da ta hana kamfanonin karɓar bashi kiran mutum kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan ƙarfe 9 na dare, ta hana su zagi da barazanar ƙarya, ta kuma hana su bayyana wa maƙwabta ko abokan aiki cewa ana bin wane bashi. A 2021 aka ƙara ƙa'idar cewa kiran da ya wuce bakwai cikin kwana bakwai a kan bashi ɗaya ana ɗaukarsa a matsayin takurawa. Babban bankin Indiya a 2022 ya umarci masu ba da rance da kada wakilansu su kira kafin 8 na safe ko bayan 7 na yamma, kuma kada su tozarta mutum a bainar jama'a ko su kutsa cikin sirrin iyalinsa da abokansa.

Abin da zan roƙe ki shi ne ku daina share saƙonnin. Na san ganinsu yana da ciwo, amma su ne hujjarku. Ku samu littafi ku riƙa rubuta rana da lokaci da lambar da ta kira da abin da aka faɗa, musamman kiran da 'yarku ta amsa. Sannan maigidanki ya rubuta wa kamfanin da kansa, ya nemi cikakken lissafin asalin bashin da kuɗin ruwa da tarar da aka ɗora, ya faɗi abin da zai iya biya duk wata, ya kuma nemi a riƙa tuntuɓarsa a rubuce.

Uwar_Uku:
Na gode muku duka. Malam Tsohon_Direba, ka faɗi abin da nake yi ba tare da na sani ba, domin kullum da ya shigo gida tambayar farko da nake masa ita ce ko sun kira. Akwai abin da ban iya rubutawa a saƙon farko ba. Wata biyu da suka wuce sun tura hotonsa ga duk lambobin da ke cikin wayarsa, da rubutu a ƙasa cewa ɗan damfara ne ana nemansa. Saƙon ya isa ga mahaifiyarsa, ga shugabansa na da, har ga iyayena. Surukata tsohuwa ce mai hawan jini, kwana biyu ta yi a kwance. Tun daga lokacin ya daina zuwa duk wani taron 'yan'uwa, ko gaisuwar mara lafiya sai ya jira dare ya yi.

Na_Bar_Aikin:
Na yi jinkiri kafin in rubuta wannan, domin na san ba zai yi wa wasu daɗi ba. Na yi wata takwas ina aikin kiran masu bashi a wani kamfani, kuma ina ganin Uwar_Uku tana da haƙƙin sanin yadda abin yake daga ciki. Ana zaunar da mu a babban ɗaki, kowa da jerin sunayen da zai kira a rana da adadin kuɗin da dole ya karɓo. Albashin kaɗan ne, abin da ake samu na gaske yana fitowa daga kason abin da ka karɓo, kuma wanda ya gaza cika adadinsa makonni a jere ana sallamarsa. An raba masu bashi rukuni-rukuni gwargwadon kwanakin da suka wuce wa'adi. Na farko ana lallashinsu, na tsakiya ana tsorata su, na ƙarshe kuwa ana neman wanda suka fi jin kunyarsa a duniya a kira shi. Shi ya sa ake duba sunayen da mutum ya ajiye a waya, a nemo inda ya rubuta Mama ko Baba ko Oga. Ba mu da 'yan sanda, ba mu da sammaci, ba mu da motar da za ta je ƙofar gidan kowa. Kunya ce kaɗai makaminmu, kuma mun san tana aiki ne muddin mutum yana ɓoye wa danginsa. Wanda ya riga ya gaya wa mutanensa da bakinsa, kiranmu ba ya yi masa tasiri, sai mu wuce zuwa suna na gaba.

Ranar da na ajiye aikin, wani dattijo na kira a kan bashin ɗansa. Ya saurare ni har na gama faɗin duk abin da aka koya min, sannan ya ce min cikin sanyin murya, ɗana, yaron da kake nema yana asibiti kwana shida ke nan, ni ma a bakin gadonsa nake, in ka ga dama ka kira bayan ya farfaɗo. Na cire abin sauraro daga kunnena na fita, ban sake komawa ba. Har yau nakan tuna mutanen da na zaga, kuma ba ni da hanyar neman gafararsu.

Baƙuwar_Zaure:
Malam Na_Bar_Aikin, na yaba da ka faɗi gaskiya, amma ba zan ɓoye maka ba, karanta saƙonka ya tayar min da tsohon miki. Ni ban taɓa cin bashi a wurin kowane kamfani ba. Ƙanwata ce ta rubuta lambata a matsayin wadda za a tuntuɓa, ba ta gaya min ba. Wata uku ana kirana a wurin aiki ana ce min ni na tsaya mata, in ban biya ba za a sanar da shugabannina cewa ina ɗaure wa ɓarauniya gindi. Na biya da kuɗin da nake tarawa na makarantar ɗana, don kawai a ƙyale ni. Yau shekara biyu ke nan ni da ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Ita kunya ta hana ta kallon idona, ni kuma in na gan ta sai muryoyin nan su dawo min. Bashin ya ƙare tuni, amma mahaifiyarmu har yanzu tana roƙonmu mu zauna a ɗaki ɗaya.

Mai_Gyaran_Waya:
Zan yi ɗan bayani kan yadda suka samu lambobin surukar Uwar_Uku. Lokacin da ake sauke manhajar rance, takan nemi izinin shiga lambobi da hotuna da saƙonni, mutum ya danna amincewa cikin gaggawa, nan take a kwashe komai zuwa na'urorinsu. Goge manhajar daga baya ba ya dawo da abin da aka riga aka kwasa. Tun ƙarshen watan Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke cikin rumbunsa na sauke manhajoji neman izinin shiga lambobi da hotunan mutane, sai dai wasu suna kauce wa wannan ta hanyar tura wa mutum mahaɗin saukewa kai tsaye. A Nijeriya hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a watan Maris na 2022, daga baya ta wajabta musu rajista, kuma tana karɓar ƙorafi. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Malama Baƙuwar_Zaure, ba da lambar mutum ba ya mayar da shi wanda ya tsaya wa mai bashi, sai in ya amince ya sa hannu da kansa.

Baƙuwar_Zaure:
Da na san haka a lokacin, da ban taɓa kuɗin makarantar ɗana ba.

Mai_Faɗin_Gaskiya:
Na karanta abin da aka ƙara, kuma na yarda cewa tura hoton mutum da kiran tsohuwa da tsorata yarinya ba bin bashi ba ne, zalunci ne. Amma ina so a fahimci daga inda nake magana. Na ba wani amini bashin kusan rabin jarina shekara uku da suka wuce, ba kuɗin ruwa, ba shaida. Yau yana hawa sabuwar mota, ni kuma ina ƙirga yadda zan biya kuɗin haya. Matata tana min kallon wanda ya jefa iyalinsa a wahala saboda kara, kuma wannan magana ta sha hana mu barci. Gidan wanda yake bin bashi ma yana iya rushewa, kuma ba a cika jin kukansa ba.

Almajirin_Ilimi:
Malam Mai_Faɗin_Gaskiya, kukanka yana kan hanya, kuma addini bai bar ɗayanku a baya ba. Ya tabbata a hadisi cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, wannan kuwa shi ne halin amininka. Amma aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, wannan kuma shi ne halin maigidan Uwar_Uku. Aya ta 282 a wannan sura, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Matsalar kamfanonin da ake magana a kansu ita ce ba su damu su bambance mai ƙin biya da mai kasa biya ba, duk sanda ɗaya suke kora su da ita.

Ma'aikaciyar_Jinya:
Ina so mu dawo kan maigidan, domin abin da Uwar_Uku ta bayyana ya dame ni. Rawar hannu, janyewa daga mutane, fita sai da dare, duk alamu ne na wanda damuwa ta yi wa katutu. Jikin mutum an halicce shi ne ya ɗauki tsoro na ɗan lokaci sannan ya huta. In kira yana shigowa a kowane lokaci ba tare da an san yaushe ba, jiki ba ya samun wannan hutun, sai barci ya ƙaurace, jini ya hau, ciwon kai da na ciki su zauna, mutum ya koma saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Rashin barcin kuma yana rage masa ikon yin tunani mai kyau, shi ya sa za ka ga mai hankali ya ci sabon bashi don ya biya tsoho, a gudu ba a tsira ba.

'Yar'uwa, ki lura da kalamansa. In kika ji yana cewa da ba ya nan da kun huta, ko ya fara yi miki wasiyya ba dalili, ko ya samu wata natsuwa ta farat ɗaya bayan dogon ƙunci, kada ki bar shi shi kaɗai, ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa, ku kai shi asibiti a ranar. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa ba ta saka masa tunanin, sau da yawa ma ita ke buɗe masa baki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2010, rahotannin masu ƙananan basussuka da suka kashe kansu saboda matsin masu karɓar bashi sun yi yawa har gwamnatin jihar ta kafa dokar gaggawa a watan Oktoba na shekarar. A Ingila da Wales kuma tun Mayun 2021 akwai tsarin da ke ba mai bashi kwana 60 na numfasawa, a dakatar da matsin masu bin bashi da yawancin kuɗin ruwa, wanda kuma yake jinyar matsananciyar larurar ƙwaƙwalwa ana tsawaita masa har ya gama jinya da ƙarin kwana 30. Ko babu irin wannan tsari a inda kuke, kuna iya kafa naku a gida: a kashe wayar daga wani lokaci na dare zuwa safiya, a ajiye ta a wajen ɗakin kwana. A kuma auna jininsa cikin makon nan.

Hajiya_Babba:
'Yata, in kina da wata kadara taki da za ki iya sayarwa ki rage masa, ni a ganina ki yi. Abin hannu yana dawowa, lafiyar miji in ta tafi da wuya ta dawo.

Tsohon_Direba:
Hajiya, ki yi min afuwa, a nan ina da ja. Matata ta sayar da keken ɗinkinta ba da sanina ba ta tura musu kuɗin, suka lissafa shi a cikin tara, asalin bashin bai motsa ba, mu kuma muka rasa ɗan abin da ke shigowa gida. Ban da haka, ranar da na gane abin da ta yi na ji na ƙara ƙanƙancewa a idon kaina. In za a sayar da wani abu, a fara karɓo lissafi a rubuce kamar yadda Ɗalibin_Shari'a ya ce, a daidaita kan adadin da zai rufe bashin gaba ɗaya, kuma su yanke shawarar tare. Kada a taɓa abin da ake neman abinci da shi.

Ɗan_Auta:
Ni a irin wannan gida na tashi, lokacin ma babu wayar hannu, ƙofar gida ake zuwa. Ina da shekara goma ake aika ni in ce Baba ba ya nan, alhali yana tsaye a bayan ƙyaure yana jin abin da ake faɗa a kansa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne fuskarsa in na dawo ciki, domin ba ya iya kallona. Na girma ina tsoron sallama da ƙarfi a bakin ƙofa, kuma har yau da nake da nawa iyalin ba na iya rancen ko sisi, ko da a halin rashin lafiya ne, wanda shi ma ba daidai ba ne. Roƙona ga Uwar_Uku shi ne kada a sa yaran su amsa waya, kada kuma a sa su yi ƙarya a madadin babansu. Amma ina so ta sani cewa ban taɓa raina mahaifina ba. Ya biya bashinsa a hankali cikin shekara biyar, kuma ranar da ya kai kason ƙarshe ni ya riƙe wa hannu muka tafi tare.

Uwar_Uku:
Jiya da dare bayan yara sun yi barci na miƙa masa wayata ya karanta duk abin da kuka rubuta. Ya daɗe a kan saƙon Na_Bar_Aikin, ya koma ya sake karanta shi, sannan ya ce ashe duk wannan lokaci da mutane masu jerin sunaye yake kokawa. Da safe ya kira yayansa ya gaya masa komai da bakinsa, kuma yayan ya ce zai raka shi wurin mahaifiyarsu ranar Asabar. Mun sayi littafin rubuta kiraye-kirayen, yau kaɗai na rubuta goma sha ɗaya. Ya yarda a auna jininsa, amma ya ce ba zai iya zama da yarinyar ya yi mata bayani ba tukuna, wai in ya buɗe baki a gabanta kuka zai yi. Malama_Mai_Alli, shin in yi mata bayanin ni kaɗai, ko in jira shi?

Malama_Mai_Alli:
Kada ki bar ta cikin fargaba har sai ya shirya. Ki yi mata bayanin yau, ki ce babanta ma zai yi mata magana nan gaba kaɗan. In kuma ranar ta zo ya yi kuka a gabanta, ba na ganin hakan zai cutar da ita kamar yadda shirunsa yake yi.

Ɗan_Auta:
A nan ban tabbata na yarda da Malama gaba ɗaya ba. Ni da na ga hawayen mahaifina ina ɗan shekara goma, na yi mako guda ina ganin kamar duniya ta ƙare. Wataƙila ya fara da abin da zai iya, ko da raka ta makaranta ne da safe, ta gani da idonta cewa yana tafiya a titi babu wanda ya tare shi.

Baƙuwar_Zaure:
Uwar_Uku, in yayan nasa ya je wurin tsohuwar, ki roƙe su kada su manta da iyayenki, domin su ma saƙon ya isa gare su kuma wataƙila suna jira ne a yi musu bayani. Ni kuma bayan na karanta abin da Mai_Gyaran_Waya ya rubuta, na fara tunanin ko ƙanwata ma ba ita ta ba su lambata ba, ko daga wayarta suka kwasa. Shekara biyu ban taɓa tambayarta ba. Na ɗauko wayar sau biyu tun da safe, har yanzu ban kira ba.